Dodon Takalma

Littattafan rubutu uku ne, masu fallaye 80, irin waɗanda ake samu a kowane shagon unguwa. Bangonsu ya yi laushi saboda yawan riƙo. Ban tsaya hura sabuwar wuta ba. Kurfotin da Adda, yayata, ta sauke miya a kai yana nan da sauran garwashinsa, sai na yayyaga su na cusa, na ja mafici na yi ta fifita har takardun suka kama. Bayan magariba ne, a tsakar gidansu da ke unguwar Arawa a Gombe, cikin Oktoban 2023. Yaron yana tsaye jikin randa, ya sarƙe hannuwa ta baya kamar mai jiran bulala. Bai yi kuka ba, bai roƙe ni ba. Na ɗauki shirun nan taurin kai ne, har na juya na ce wa uwarsa, "Adda, kin ga irin kallon da yake yi mini ko?" Ashe wutar yake kallo.

Ba zan faɗi sunansa ba, ɓarnar da na yi wa sunan ta isa haka. Zan kira shi Auta, don shi ne autan Addata. Shekararsa 15 a lokacin. Mahaifinsa direban babbar mota ne, kwanansa a hanya ya fi na gida yawa, don haka ni ake kira in yaro ya yi laifi. Kada in yi ƙarya, ina jin daɗin wannan matsayi. Malamin Hausa ne ni a wata sakandare a cikin garin Gombe, kuma a danginmu ni ne wanda ya yi boko. Takardar asibiti ni zan karanta, saƙon banki ni zan fassara. Mutum in aka daɗe ana tambayarsa, sai ya manta yadda ake yin tambaya.

Wanda ya riƙe waya a wannan watan ya san iskar da ke kaɗawa. Maganar Queen Primer ce ta cika ko'ina, ɗan siririn littafin nan na koyon Turanci da aka yi shekara da shekaru ana karantar da yara da shi. Tun zamanin Sarauniya Biktoriya aka wallafa shi a Birtaniya, kuma a cikinsa akwai wata kalma mai haruffa uku wadda a Turancin wancan zamani take nufin fara'a da walwala, amma a bakin mutanen yau ta koma sunan masu neman jinsinsu. Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta haramta littafin, ta kwashe kwafi sama da 1,000. Majalisar Wakilai a Abuja ma ta tashi tsaye a kai. Mu kuma a Gombe aikinmu turawa. Duk zauren WhatsApp da ka leƙa, na malamai ko na 'yan unguwa, hoton shafin nan ne an zagaye kalmar da jan layi. Na tura, ba sau ɗaya ba. Ban gaya wa kowa cewa ni ma da littafin nan na koyi haɗa baƙaƙen Turanci ba, kuma ban taɓa lura da kalmar ba sai da aka zagaye mini ita.

Ba na cewa tsoron iyaye na banza ne. Na sha karɓe waya a hannun ɗalibai in tarar da labaran Hausa na batsa tsirara, har da na maɗigo da luwaɗi, waɗanda ake biyan 'yan ɗaruruwan naira a saka mutum a zauren da ake sakinsu shafi-shafi. Waɗannan suna nan, kuma ba na yara ba ne. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Ni a watan nan ko igiyar guga na gani sai na nemi sanda.

Ana cikin haka Adda ta kira ni. Tana kakkaɓe katifar Auta ta ci karo da littattafan. "Malam," haka take kirana tun da na fara koyarwa, rabi girmamawa rabi tsokana, "zo ka duba mini abin da yaron nan yake zanawa. Ni dai tsoro yake ba ni. Kada a ce wasu ne suka ja shi wata ƙungiya." Iyakar abin da ta nema ke nan, in duba.

Na duba, in har za a kira minti biyu dubawa. Na buɗe daga hagu kamar kowane littafin boko. An raba shafukan gida-gida da rula, kowane gida da hotonsa da 'yar magana a cikin da'ira. Na fara cin karo da wata halitta da ta fi rumfunan kasuwa tsayi, ba ta da fuska, jikinta duk ƙulu-ƙulu. Ga jan biro an zuba shi a madadin jini. Na ci gaba da buɗawa, labarin ya ƙi haɗuwa, na ce shirme ne. Can wajen abin da na ɗauka ƙarshe ne, sai ga samari biyu masu dogon gashi da manyan idanu, fuskokinsu sumul kamar na 'yan mata. Nan ɗaya ya goya ɗaya. Nan suna kwance a tabarma guda. Nan babban ya haɗa goshinsa da na ƙaramin. Ko taɓa littafi na biyu da na uku ban yi ba. Na riga na ga abin da na zo nema.

Na sa aka kirawo shi daga waje. Ban tambaye shi ko su wane ne a hoton ba. Da muryar da nake tsawata wa aji mai ɗalibai 70 na ce, "Ɗan daudu za ka zama mana a gidan nan?" Wanda ya san Arawa ya san yadda gidajenmu suke, katanga jikin katanga, in ka yi atishawa maƙwabci ne zai amsa maka. Akwai yara a kan katangar a daren nan, hayaƙin ne ya jawo su.

Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo, a filin da suke buga ƙwallo ta wajen kwari an raɗa masa wani sunan mata da ba zan maimaita ba. Ya daina zuwa filin. Islamiyya ma sai ya riƙa ƙirƙiro ciwon kai. Ga kuma inda na fi jin kunyar kaina: duk abin da wutata ta haifar, sai in mayar da shi hujjar cewa wutar ta dace. Ya daina shiga mutane? To ai dama, mai abin ɓoyewa ne. Ya daina haɗa ido da ni in yana gaisuwa? Kunyar asirin da ya tonu ce. Kusan wata shida na yi ina tafe da wannan lissafi, har ina ba iyaye shawara a majalisa su riƙa ɗaga katifun 'ya'yansu.

Azumin 2024 ya zo ƙarshe. Ranar jajibiri na saya masa takalmi sau-ciki mai kyau, da nufin in nuna masa komai ya wuce, na yafe masa. Ka ji fa, wai ni ne mai yafewa. Na miƙa wa Adda ledar, ta buɗe, ta daɗe tana kallon takalmin, sannan ta mayar ta ɗaure.

"Malam, shekara tara ke nan yaron nan bai sa sabon takalmi ranar Sallah ba. Kai ne mai karatu a cikinmu, amma wannan ba ka karanta ba."

Yayarsa, wadda take karatu a Jami'ar Jihar Gombe nan kusa da mu, tana gefe tana gyaran kayan miya. Ta tashi ta ɗauko wayarta. Ashe tun kafin wutar ta ɗauki hotunan shafuka 11 na littafin farko don ta nuna wa wata ƙawarta, tsorona ne ya hana ta fito da su. Ta durƙusa ta miƙo mini, ta ce, "Kawu, daga dama ake farawa. Irin na Japan ne."

Daga dama, kamar allo. Ni da na yi shekaru ina wanke allo ina sake rubutu, ban kawo wannan a raina ba. Daga ƙarshe zuwa farko na karanta labarin yaro, na yanke masa hukunci.

Ranar Alhamis 16 ga Yuli, 2015, jajibirin ƙaramar Sallah, da yamma, bama-bamai biyu suka tashi ɗaya bayan ɗaya a babbar kasuwar Gombe, lokacin da ta cika maƙil da masu sayayyar Sallah. Na farkon a gaban wani shagon takalma ya tashi. Mutum kusan 50 suka rasu. Duk ɗan Gombe da ya yi wayo a lokacin yana da labarin ranar, kamar yadda yake da na bam ɗin tashar Dukku a Disambar 2014. Namu labarin shi ne babban ɗan Adda, yaro ɗan shekara 14, wanda Auta yake kira Hamma. An aike su sayen takalman Sallah. A hanya silifas ɗin Auta ya tsinke, Hamma ya goya shi har cikin kasuwa, ya ajiye shi a rumfar wani ɗan unguwarmu mai sayar da huluna, ya ce ya jira shi ya je ya taya. Auta yana da shekara 7.

Ni na je asibiti na gano gawar, ni na shiga kabari na karɓe ta. Don haka ba zan ce ban sani ba. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in tambayi ƙaramin me ya gani tsakanin ƙarar farko da lokacin da mai huluna ya sungume shi ya fita da shi. Mun ce ya yi haƙuri, ya yi wa Hamma addu'a, ya daina kuka don kuka yana damun mamaci. Ya daina. Muka ce yaro ne, ya manta.

A shafin farko cikin wayar, babban yaro ya goya ƙarami, a hannun ƙaramin akwai tsinkakken silifas. Na wuce zuwa dodon, na buɗa hoton da yatsu biyu don in ga ƙulu-ƙulun nan da kyau. Takalma ne. Ɗaruruwan takalma wari-wari, na maza da na mata da 'yan mitsi-mitsi na jarirai, sun manne da juna sun zama jiki. Yayarsa ce ta ba ni sauran labarin, don ita ta karanta duka ukun. Dodon yana fitowa daga kasuwa duk daren jajibiri, yana bin unguwanni, Jekadafari, Bolari, Pantami, Herwagana, yana neman ɗan'uwan kowane wari. Duk gidan da ya ɗauki takalmi a bakin ƙofa, mai takalmin ba ya wayar gari. Jarumin labarin yaro ne. Ya gwada takobi, ya gwada wuta, duk a banza. Sai daga baya ya gane wannan dodo ba kashe shi ake yi ba. Sai an ɓamɓare takalman ɗaya bayan ɗaya, an kai kowanne gidan mai shi, an yi sallama, an faɗi sunan mamacin. Duk warin da aka mayar, dodon sai ya rage tsayi. A ƙarshen littafi na uku ya dawo kamar ɗan akuya, saura takalmi ɗaya a jikinsa.

Shekara 16 ina koyar da adabi, ban taɓa samun ɗalibin da ya ƙago abin da ya kai wannan ba.

Ni ne fa nake tsayawa gaban aji in yi ta yabon gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, wadda ta haifar mana da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Me ke cikin Ganɗoki in ban da mutumin da ya gama gwabzawa da Nasara ya faɗa duniyar aljanu? Ni ne nake gaya wa ɗalibai cewa Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa asalinsa jarumin almarar Rasha ne, birnin Kib da Sarki Waldima ba a ƙasar Hausa suke ba, kuma da alfahari nake faɗa, a matsayin shaidar gwanintar marubutanmu wajen mayar da baƙo ɗan gida. Magana Jari Ce kanta, Imam ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya. Baƙon da ya tsufa a hannunmu shi muke kira al'ada, wanda ya iso jiya ta waya kuwa maƙarƙashiyar maƙiya ce. Abin da Ingawa ya yi shi Auta ya yi. Ya ga Naruto, labarin zane na Masashi Kishimoto da aka yi ta bugawa daga 1999 zuwa 2014, inda akwai wan da yake goya ƙanensa, inda kuma zana namiji da dogon gashi da manyan idanu ba wani abu ba ne, sai ya ari salon ya zuba Hammansa a ciki.

Ina saurayi, kuɗin karin kumallona a shagon hayar littattafai yake ƙarewa. Kundin Tsatsuba na Abdulaziz Sani Madakin Gini, Malikussaif na Aliyu Abubakar Sharfaɗi, Kibiyar Ajali na Nazir Adam Salih, da fitilar ƙwai nake kwana a kansu. Matsafa da aljanu da sara da suka, ba irin wanda ban haɗiya ba, kuma ban zama matsafi ba, malamin makaranta na zama. Kafin su ma akwai Dada, kakarmu, da take tara mu da dare ta ba mu labarin Dodo, mu ƙanƙame juna mu ce ta daina, in ta daina mu ce ta ci gaba. Yanzu nake gane abin da muke nema a wurinta. Tsoron tatsuniya tsoro ne mai ƙofa, kai ka buɗe, in an ce ƙurunƙus kuma an rufe. Wanda Auta ya gani a kasuwa ba shi da ƙurunƙus, ba shi ma da fuskar da za a tsana, don babu wanda ya taɓa nuna masa wanda ya tayar da bam ɗin. Sai ya zauna da biro da rula ya gina masa 'yan gidaje, ya ba shi jiki, ya sa masa dokar da za a bi a rage shi. Shekara takwas muna ɗura masa haƙuri bai warke ba, shi ya nemo wa kansa magani, ni kuma na zo na zubar da ƙwaryar saura kurɓi ɗaya.

Cikin karance-karancen da nadama ta sa ni, na ci karo da wanda ya riga ni wannan aika-aika da kusan shekara 70, shi kuma likitan ƙwaƙwalwa ne a Amurka, Fredric Wertham. A 1954 ya fitar da littafi yana cewa labaran zane, musamman na ban tsoro da na laifuka, su ne ke lalata yara, ya kuma je gaban wani kwamitin Majalisar Dattawa ya maimaita. Cikin hujjojinsa har da cewa Batman da yaronsa Robin, tunda gida ɗaya suke zaune, neman jinsi ake kwaɗaita wa yara. Da na iso nan sai da na ajiye wayar. A shekarar kamfanoni suka kafa wa kansu hukumar tacewa, labaran zane na ban tsoro suka ɓace daga kasuwa shekaru masu yawa. Sai a 2012 wata malamar jami'ar Illinois, Carol Tilley, ta bi takardun da ya bari, ta gano ya sassauya maganganun yaran da ya yi hira da su, ya haɗa na wannan da na wancan, ya datse abin da bai dace da ra'ayinsa ba. A gida kuwa ba mu manta da 2007 ba, lokacin da shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ya ƙona littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata a Kano. Ina ɗalibi a lokacin, ina kuma cikin masu kumfar baki cewa ba a ƙona littafin da ba a karanta ba. Laifi tudu ne.

Akwai tambayar da na daɗe ina kauce mata, har wani abokin aikina ya jefo mini ita ba kara: to da abin da ka zarga gaskiya ne fa, da wutar ta yi daidai? Na so in ce e, don kuskurena ya koma rashin sa'a kawai, a ce ɓarawo na harba na sami mai gida. Amma ba haka ba ne. Abin da addinina ya ce game da luwaɗi da maɗigo yana nan inda yake, ba a kansa nake rubutu ba. Sai dai nauyin da abin yake da shi a wurinmu shi ne ya mayar da jifan mutum da shi makami. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, kuma a wannan watan, a Bauchi maƙwabciyarmu, taron jama'a ya yi ruwan duwatsu a kan wata kotun shari'a da ake tuhumar wasu da luwaɗi a cikinta, tun ba a yanke hukunci ba. A irin wannan ƙasa na liƙa wa ɗan shekara 15 wannan tambari, a unguwar da wata rana zai nemi aure a cikinta. Risalar da muka karanta a zaure ta sa haddin ƙazafi, bulala 80, a kan wanda ya jefi wani da wannan aiki. Kalmar da na furta ba ita ce ta littafi ba, amma duk wanda ke kan katanga ya san abin da nake nufi. Suratul Hujurati ta hana mu yawan zato, ta umarce mu da bincike kafin mu afka wa mutane, kuma na haddace ta. Ina ganin kaina mai kare addini, alhali a tsakar gidan nan ni kaɗai ne na keta shi a wannan dare.

Abokin nan ne ya ba ni aron Born on a Tuesday na Elnathan John, wanda ya fito a 2015, labarin wani almajiri, Ɗantala, da ya tsinci kansa a Sakkwato. Akwai wurin da yaron ya riski wasu samari biyu cikin halin da bai zata ba. Da na iso nan na rufe littafin, raina a ɓace, na ce ga irin abin da muke faɗa. Bayan kwana biyu na sake buɗewa, don na yi wa kaina alkawarin ba zan ƙara yanke wa littafi hukunci daga tsakiya ba. Ban tarar da talla a ciki ba. Yaro na tarar da ya ga abin da ya fi ƙarfin kansa, yana ta juya shi a zuci shi kaɗai. Littafin bai sauya mini hukunci ba, amma ya nuna mini irin babban da na zama. Da Auta yana ɗauke da irin wannan damuwar, ko wata daban, ni ne mutum na ƙarshe da zai kawo wa, kuma da gaskiyarsa.

A al'adarmu babba ba ya ba yaro haƙuri da baki, sai dai ya saya masa wani abu, kowa ya gane. Na gwada wannan, kun ga yadda ta kaya. Don haka kwana uku bayan Sallah na koma gidan bayan magariba, na tsaya inda kurfotin yake a wancan dare, na sa aka kirawo shi. Na ɗaga murya kamar yadda na ɗaga da farko, don katangar da ta ji wancan ta ji wannan. Na ce na yi masa ƙazafi, hoton da na gani shi ne da Hammansa, ina roƙonsa gafara. Adda ta shige ɗaki. Shi kuma ya durƙusa, don bai san yadda ake tsayawa gaban kawun da yake ba da haƙuri ba, ya ce, "Ba komai, Kawu." Na bi iyayen yaran filin ƙwallo gida-gida, na kuma faɗa a majalisar da na riƙa ba da shawarar ɗaga katifa. Wani dattijo ya ja ni gefe ya ce na zubar da girmana. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi 'ya'ya, don har yau akwai yaran da in suka so tsokanarsa sunan nan suke ɗaukowa, ba su ma san inda ya samo asali ba.

A makaranta har yanzu ina karɓe littafi ko waya in na kama, kuma akwai waɗanda nake kai wa iyaye. Amma kafin in buɗe sai na tambayi mai shi ta ina ake farawa, su wane ne a ciki, sannan in karanta har ƙarshe. Sau da yawa babu wani sirri, yaro ne kawai yake son aljanu kamar yadda na so su.

Na koma babbar kasuwa na sayo masa littafin zane na gaske, mai farar takarda mai kauri, da alƙaluma baƙaƙe da ja. Ya karɓa da hannu biyu. Yayarsa ta ce mini ya koma zane, amma ba a gida yake ajiyewa ba, yana wurin wani abokinsa a unguwar Malam Inna. Ban nemi gani ba, shi ma bai yi tayi ba.

Sau ɗaya na kasa daurewa. Muna dawowa daga masallacin Juma'a mu biyu, ta gefen kwari, na ce, "Auta, takalmin nan na ƙarshe da ya rage a jikin dodon, an kai shi gida kuwa?"

Ya yi 'yar tafiya bai ce komai ba, silifas ɗinsa yana tayar da ƙura.

"Saura shafi huɗu ne lokacin, Kawu."

Sai ya hango wani abokinsa a tsallaken hanya, ya ce in yi gaba, zai taho.